Shari'ar da ta tashi daga Ƙonni ta shiga zauren masana

In malaman shari'a na jami'o'i suka taru suna muhawara kan amfanin doka ga talakan Afirka, da wuya a watse ba a ambaci sunan wata mata daga ƙasar Ƙonni ba. Hadijatou Mani Koraou ke nan. Ƙarar da ta kai gwamnatin Nijar gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda aka yanke hukuncinta ranar 27 ga Oktoba 2008, ta zama darasi a azuzuwan lauyoyi. Helen Duffy, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka tsaya mata, ta yi dogon sharhi a kanta a wata mujallar shari'a ta Ingila a 2009, Jean Allain kuma ya yi nasa a ta Amurka a wannan shekarar. Yadda aka saba ba da labarin a irin waɗannan tarurruka shi ne: tsohuwar al'ada ta bautar da yarinya, dokar zamani ta zo daga waje ta ƙwato ta. Labarin yana da daɗin ji, amma wanda ya bi takardun shari'ar tun daga ƙasa zai ga ba haka abin ya gudana ba. Kotun da ta fara gane gaskiya ita ce mafi ƙanƙanta a jerin, kuma a Ƙonni take.

Birnin Ƙonni yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, kilomita sama da 400 daga babban birni, kusa da iyakar da ta raba shi da Illela ta jihar Sakkwato. Gabas da shi Malbaza ce, garin siminti, wadda aka cire daga Ƙonni aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011. Arewa kuma akwai ɗaya Illelar, ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar. Marigayi Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun a 1975, kuma wanda ya karanta shi ya san cewa wannan ƙasa mahaɗa ce: Hausawa manoma, Abzinawa masu raƙuma da ke saukowa daga arewa, Fulani, da fatake masu bin hanyar Sakkwato. Inda aka yi irin wannan cuɗanya an yi ciniki, cikin abin da aka saya aka sayar kuwa har da mutane. Faransawa sun shigo da wuta: rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899, ta kashe jama'a masu yawa. Shekara shida bayan nan, a Disamba 1905, mulkin da ya yi wannan ta'asa ya fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunansa na Afirka ta Yamma. Kasuwar bayi ta fili ta mutu, amma dangantakar ubangida da bawa ta koma cikin gida, inda idon kwamanda bai kai ba, kuma bai damu ya kai ba.

Nijar ta gaji wannan rabin-aiki, ta kuma gina tsarin shari'arta kan ƙafa biyu. Dokar 1962 kan tsarin kotuna, da wadda ta maye gurbinta ranar 22 ga Yuli 2004 mai lamba 2004-50, sun bar wa al'ada fili mai faɗi: aure, saki, gado, riƙon 'ya'ya, da gonakin da ba su da takardar mallaka, duk da al'adar masu ƙara ake yanke su. Sai dai an gindaya sharaɗi: kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta sa wa hannu, ko dokokin da suka shafi zaman lafiyar jama'a da 'yancin mutum. Alƙalin da ya yi karatun shari'ar Faransa yana zama da mataimaka masana al'ada, galibi malamai ne, su gaya masa abin da al'adar Hausawa ko ta Buzaye ta ce. Al'adar ba a rubuce take ba. An yi yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka tayar, aka janye. An sake gwadawa a 2011, aka sake janyewa. Saboda haka abin da za a kira al'ada a zauren kotu ya dogara ga wanda ke zaune a kujera ranar, da wanda yake saurara.

An haifi Hadijatou a 1984, mahaifiyarta baiwa ce a hannun wani Ba'abzine. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita sefa jika 240 ga wani Alhaji Bahaushe mai shekara 46 wanda ya riga ya cika mata huɗu. Wahaya ake kiran irin wannan yarinya a yankin, wasu su ce sa-ɗaka, wasu su ce mace ta biyar. Ba a ɗaura mata aure, ba ta da sadaki, ba ta da rabon kwana, ita ce mai daka da ɗebo ruwa da aikin gona, kuma maigida yana zuwa mata duk sa'ad da ya so. Shekara tara ta yi a haka. Ta haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu.

Ana cikin haka doka ta motsa a Yamai. Kundin tsarin mulki na 1999 ya haramta bauta, sannan doka mai lamba 2003-25 ta ranar 13 ga Yuni 2003 ta sa ta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bautar gado, ta shiga ƙauyuka tana faɗa wa iyayengiji abin da ke jiransu. Ranar 18 ga Agusta 2005 Alhajin ya ba Hadijatou takardar 'yantarwa, da sa hannun mai gari. Da ta tashi tafiya sai ya tare ƙofa: ai matarsa ce. Wato jiya baiwa, yau mata, duk wanda ya fi hana ta fita.

Ranar 14 ga Fabrairu 2006 ta kai ƙara ƙaramar kotun da ke duba shari'o'in al'ada a Ƙonni, ranar 20 ga Maris aka yanke hukunci. Kotun ba ta nemo wata yarjejeniyar Janeba ba, ba ta kuma buƙace ta ba. Ta yi tambayar da kowace tsohuwa a Dogarawa ko Tsarnawa za ta yi in aka ce mata wance matar wane ce: yaushe aka ɗaura, ina sadaki? Ba a biya sadaki ba, ba a yi ɗaurin aure na addini ba, don haka babu aure, Hadijatou tana da ikon tafiya ta yi rayuwarta da wanda ta zaɓa. Wata guda da 'yan kwanaki, an gama. Wannan hukunci ne da aka ciro daga cikin al'ada da addinin mutanen wurin, kuma da an bar shi ya tsaya, da babu wani farfesa a London da zai taɓa jin sunan matar.

Ba a bar shi ba. Alhajin ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ƙonni, wadda ranar 16 ga Yuni 2006 ta rushe hukuncin farko. Hujjarta ita ce wai al'ada ta halatta wa ɗa ya auri baiwa in ba shi da halin auren 'ya kuma yana tsoron faɗawa cikin zina. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta babin aure a littafin fikihu na Risala ya san inda aka tsinto wannan magana, ya kuma san ba wurinta ba ne. Mas'alar tana magana ne kan talakan da ya kasa sadakin 'ya, ba mai mata huɗu ba. Tana magana kan auren baiwar wani, da ɗaurin aure da sadaki, ba wadda mutum ya ce shi ya mallaka ba. Kafin a kai nan ma, akwai tambayar da ta riga ta: wa ya ce baiwa ce? Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa wa mutanen Tuwat tambaya kan wanda ya halatta a bautar, ya nuna cewa baƙar fata ba dalili ba ce, ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne da ba a mallakarsu, cikinsu da Kano da Katsina da Gobir da Barno. Malamin ƙarni na 17 ya ga matsalar da alƙalin ƙarni na 21 ya tsallake. Kuma alƙalin yana zaune ne a ƙasar da shekara uku kafin nan ta ce mallakar mutum laifi ne na ɗaurin shekara 30. Ya rubuta kalmar baiwa cikin hukuncinsa, ya sa hannu, ya tashi.

Daga nan shari'ar ta shiga yawo. Kotun ƙoli a Yamai ta soke hukuncin babbar kotun ranar 28 ga Disamba 2006, amma kan kuskuren tsari, ba ta ce uffan kan bauta ba, ta mayar da takardu Ƙonni a sake zama da wasu alƙalai. A tsakanin nan Hadijatou ta koma gidan danginta ta auri wanda take so. Alhajin ya garzaya wurin jandarmomi ya ce ta yi aure kan aure. A Afrilu 2007 babbar kotun ta raba abin da ta ɗauka aure ne, ta ce a yi idda wata uku. Ranar 2 ga Mayu kuma ɓangaren laifuka na wannan kotu ya yanke wa Hadijatou da ɗan'uwanta da sabon mijinta ɗaurin wata shida da tarar jika 50 kowannensu. Ita da ɗan'uwan suka shiga gidan kason Ƙonni, sai a watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a sake su na wucin gadi. A lissafa: a wannan shari'a, zuwa wannan lokaci, wadda aka saya ta kwana a kaso, wanda ya saya bai kwana ba.

Abin da ya buɗe mata ƙofa wata yarjejeniya ce da shugabannin CEDEAO suka sa wa hannu a Janairu 2005, wadda ta ba kotun ƙungiyar da ke Abuja ikon sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam kai tsaye daga mutum ɗaya, ba tare da an ce sai ya ƙure kotunan ƙasarsa ba. Lauya Abdourahaman Chaibou, da taimakon Timidria da ƙungiyoyin Anti-Slavery International da Interights, ya shigar da ƙara a Satumba 2007. Da yake mai ƙarar ba ta da halin zuwa Abuja, kotun ce ta taso ta zauna a Yamai a Afrilu 2008, ƙarƙashin mai shari'a Aminata Mallé Sanogo 'yar ƙasar Mali. Gwamnati ta ce matar aure ce, rikicin gida ne, kuma shari'a ba ta ƙare a gida ba. Shekara uku kafin nan, wannan gwamnati ta rufe shugaban Timidria, Ilguilas Weila, bayan rushewar bikin 'yanta bayi 7,000 da aka shirya yi a In Ates, jami'anta suna cewa babu bauta a Nijar.

Kotun ta ce Hadijatou ta yi zaman bauta, kuma Nijar ce ke da alhaki saboda hukumominta ba su kāre ta ba. Inda ta fi dannawa shi ne kan alƙalin Ƙonni: wanda ya ga bauta a gabansa ya ambace ta bai la'ance ta ba, bai sa a tuhumi mai yinta ba, to ya yarda da ita ke nan, ko aƙalla ya kau da kai. Ta ba da diyyar sefa miliyan 10, cikin miliyan 50 da aka nema. Akwai kuma abin da ta ƙi yi, wanda masu yabo ba su cika ambata ba. Ba ta ɗora wa gwamnati laifin nuna bambanci ba, ta ce wannan aikin Alhajin ne. Ba ta ce tsarewar da aka yi mata zalunci ba ce, tunda kotu ce ta yi umarni. Ba ta kuma soke hukuncin aure kan aure ba, domin ita ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunan ƙasa. Gwamnati ta biya kuɗin, an karrama Hadijatou a Washington a 2009, amma a takardun Ƙonni ta ci gaba da zama mai laifi. Sai a 2019 kotu mafi girma a Nijar ta wanke ta, ta kuma ce riƙon wahaya haramun ne a doka. Daga hukuncin ƙaramar kotu na Maris 2006 zuwa nan shekara 13 ke nan, aka dawo kan abin da aka faɗa tun ranar farko.

To me masana suka ɗauka daga ciki? Mafi yawa sun tsaya kan ma'anar bauta a dokar duniya, da yadda kotun ta yi amfani da yarjejeniyar 1926 kan bauta da hukunce-hukuncen kotun duniya kan laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya. Wannan aiki ne mai amfani, ba raina shi nake ba. Amma tambayar da ta fi shafar mutumin Malbaza ba ta nan. Tambayarsa ita ce me ya sa kotu biyu a gari guda, da al'ada guda a hannu, suka fitar da hukunci biyu masu karo da juna, kuma me ya sa wadda ta fi girma ce ta ɓata. A ganina amsar ba ta rasa nasaba da wanda ake tambaya in ana neman al'ada. Ana tambayar masu rawani da masu gemu, waɗanda da yawansu tare suke cin tuwo da mai ƙarar da ke da dukiya. Ba a tambayar matan da aka yi wa abin. Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a Adar ta kuma fitar da littafi a 2015 kan yadda yankin ya tashi daga zamanin bauta zuwa zamanin ayyukan agaji, ta nuna cewa hanyar da mazan da ke da asalin bauta suka fi bi don kuɓuta ita ce tafiya cin rani nesa da iyayengijinsu. Mace mai goyo ba ta da wannan hanya cikin sauƙi.

Ita kanta gwamnati ta kira babban taron duba lafiyar shari'a a Yamai a Nuwamba 2012, inda alƙalai da lauyoyi da malaman jami'a da sarakuna suka zauna, aka yi ta maganar jinkiri, cin hanci, ƙarancin alƙalai da nisan kotu daga jama'a. Shekara guda kafin nan an kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da lauya. Matsalar ita ce kusan duk lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kuma mai neman taimakon sai ya san akwai shi tukuna.

Duk da haka ba za a ce ba a ga canji a Ƙonni ba. A 2012 Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka fitar da rahoto kan wahaya, bayan sun zanta da matan da abin ya shafa a yankin Ƙonni, Illela, Madawa da Buza. Sun tarar mafi yawansu an sayar da su ba su kai shekara 15 ba, kuma wasu ana ƙetarawa da su Najeriya, inda masu kuɗi ke ɗaukar mallakarsu alamar isa. A Mayu 2014, a zaman manyan laifuka da aka yi a Birnin Ƙonni, aka ɗaure wani dattijo mai shekara 63 shekara huɗu saboda riƙon wahaya. Shekara huɗu ba ta kai ko rabin mafi ƙarancin abin da dokar 2003 ta tanada ba, amma labarin ya zaga kasuwanni, kuma a ƙauye labarin cewa an ɗaure wane ya fi kowace takarda tafiya. A Nuwamban shekarar, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Urmila Bhoola, ta zo Nijar ta ji daga bakin matan.

Sai dai yawancin rigingimun wannan yanki ba sa zuwa gaban alƙali ko kaɗan. Gona, burtali, rijiya, gado, ɓarnar dabbobi bayan damina, a ƙofar mai gari ko fadar sarki ake kashe su. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu ne kawai, ba na yanke hukunci ba, kuma ta ce a rubuta abin da aka daidaita a kai. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kawo kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye don a riƙa ba manomi takardar shaidar gonarsa. Nan ma tsohon ciwon yana fitowa: wanda kakansa bawa ne, ya shekara hamsin yana noma gona, ranar da ya nemi takarda sai jikan ubangida ya ce aro ne. Shaidun da za a kira su faɗi asalin gonar, su ne dai waɗancan dattawan. Ga kuma harshe. Mai ƙara yana magana da Hausa, tafinta ya juya, a rubuta da Faransanci, a karanta masa hukunci da harshen da bai ji. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa ya mai da Faransanci harshen aiki, amma kundin laifuka da takardun kotu da Faransanci aka gaje su, kuma da shi aka horar da alƙalan da ke kan kujera.

Babban abin da ya sauya tun bayan shari'ar shi ne ƙofar da Hadijatou ta bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin tsarin mulki na 2010. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Mutanen Ƙonni suna da dalilinsu na jin haushin ƙungiyar, domin su suka fi kowa ɗanɗana rufe iyaka da yanke wutar lantarki da aka yi bayan juyin mulkin. Amma ficewar ta tafi har da kotun. A 2021 Nijar ta amince 'yan ƙasarta su riƙa kai ƙara kotun Afirka da ke Arusha, sai dai sharaɗin can shi ne mai ƙara ya ƙure kotunan gida tukuna, wato sharaɗin da rashinsa ne ya sa aka saurari Hadijatou a 2008 maimakon ta jira 2019.

Nauyin ya dawo kan kotunan Ƙonni da Malbaza da Illela, da kuma waɗanda za su zauna a cikinsu gobe. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma yanzu take ɗauke da sunan Djibo Hamani, tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga inda aka yi wannan shari'a. Cikin ɗalibanta akwai 'ya'yan sarakuna, akwai kuma jikokin waɗanda aka saya. In za a shirya taron masana a can kan doka da al'umma, hukuncin kotun CEDEAO an riga an yi masa sharhi ya isa. Waɗanda suka cancanci a ɗora kan tebur, a fassara su da Hausa, a kira mataimakan alƙalai da limamai da matan Timidria su zauna a kansu, su ne hukunci mai lamba 06 na 20 ga Maris 2006 da mai lamba 30 na 16 ga Yuni 2006.